Makaho a ajin masu gani

Mu da muka tashi a zauren malamai ba mu taɓa ganin an ware makaho daga karatu ba. A makarantar allo kunne shi ne ƙofa: malam ya biya, yaro ya maimaita har ya haddace. Sau da yawa makahon cikinmu ne ke yi mana gyara a tilawa. Tun muna ƙanana kuma aka sanar da mu cewa farkon Suratu Abasa ya sauka ne game da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi.

Da muka shiga boko sai muka tarar karatu ya koma kan baƙin allo. Malami ya rubuta, ya goge, aji ya kwafa shiru. Wanda ba ya gani ba shi da rabo. Sai a miƙa masa ƙoƙon bara, a haɗa shi da ƙanensa ɗan jagora. Yara biyu ke nan makaranta ta rasa.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma akwai makarantar makafi a Yamai. To, ɗan ƙauyen Tasawa fa? Wace uwa za ta tura ɗan shekara 7 har can? Makarantar garinsu ita ce kusa. Tana bukatar malamin da ya koyi Braille, rubutun makafi mai ɗigo 6, wanda kuma zai riƙa furta duk abin da yake rubutawa a allo. Furtawar nan, ƴan'uwa, ko dala ba ta ci.