Kafin Ka Karɓi Makulli, Dubi Mai Motar

A zamaninmu, da wuya ka tambayi yaron Illela abin da yake son zama bai ce maka direban babbar mota ba. Garin bakin iyaka ne, Birnin Ƙonni na can tsallake, kuma ranar Lahadi kasuwa kan cika ta batse da shanu da raƙuma da tumakin Nijar. Da la'asar sai tireloli su jeru a bakin kara ana lodi, wasu kuma an danƙare su da albasar Galmi, su kama hanyar Gwadabawa da Kware zuwa Sakkwato, daga nan sai Kurmi. Mu yara, direban da ya leƙo ta taga ya danna ham, shi ne sarki a idonmu.

Ta ƙofar yaron mota na shiga, kamar kowa. Wanke mota, ɗaure tamfol, tare taya in an tsaya a gangare, kwana ƙarƙashin bodi ana gadin kaya. Dattijon da ya koya mini tuƙi, Allah Ya jiƙansa, Baba muke ce masa, kuma bai bar ni na taɓa sitiyari ba sai da na iya gane ciwon inji daga kukansa. Da hannuna ya faɗa na sami lasisi, masu mota biyu suka aiko nemana. Na farko motocinsa sababbi ne fil, kuɗin tafiyarsa kuma ya fi na kowa a tasha. Na biyu tsofaffin DAF gare shi, abin da yake biya bai taka kara ya karya ba.

Baba bai ce mini ga wanda zan bi ba. Cewa ya yi: "Yaro, ajali na hannun Allah, amma sanadi sau da yawa daga garejin mai mota shi ka fitowa. Taho mu gani." A garejin na farko ya durƙusa ya shafa tayoyin baya, duk sun suɗe, sifiyar ma faci ne a kan faci. Ya tambayi bakaniken wurin direba nawa suka riƙe motar a shekarar, mutumin ya fara lissafi da yatsu. A garejin na biyu muka tarar da Alhajin da kansa a kan benci da littafi a cinya, yana rubuta kuɗin gas, kuɗin hanya da hakkin direba, kowanne a layinsa. Direbobinsa duk masu furfura ne, wasu tun suna yaran mota suke gidan. Na karɓi makullin tsohuwar DAF.

Hanya ce ta nuna mini abin da Baba ya hango. Daga Illela zuwa Legas ya haura kilomita 1,000: Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, a haye gadar Jebba, sai Ilori, Ogbomosho da Ibadan. Lodin shanu ba ya son jira, domin dabbar da ta gaji ta kwanta 'yan'uwanta za su tattake ta. Albasa ma idan ta sha zafi kafin ta isa kasuwar Mile 12, asara ce. Saboda haka fatake kan matsa, mai mota ya matsa, direba ya nemi ƙwayar hana barci. Haka muka rasa samari masu hannu, waɗanda yau da su ne manyan tasha. Maigidana kuwa magana ɗaya yake yi mini kafin na tashi: "Malam, in barci ya zo ka faka. Saniya ina iya biya, kai ba ni iya biyanka." Ranar da mota ta lalace mini a dajin Kwantagora, bakanike ya turo da kayan gyara, bai cire ko kwabo daga hakkina ba. A wasu gidajen, taya ta fashe direba ne zai biya.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, Illela ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris na 2024. Motoci suka yi ta tsatsa a bakin iyaka. Masu mota da yawa suka karɓe makullansu suka ce a sake haɗuwa in an buɗe. A gidanmu, 'ya'yan Alhaji da suka gaje shi suka nemo mana dakon siminti daga Kalambaina, wanda bai sami lodi ba kuma buhun gero bai yanke a gidansa ba.

Yau harka ta sauya. Akwai manyan kamfanoni masu albashin wata da na'urar bin sawun mota, sai kana da lasisi mai aji G na Hukumar Kiyaye Haɗurra kafin a ba ka tirela, ga kuma sabuwar hanyar da aka fara daga Illela zuwa Badagry. Amma tambayoyin ba su sauya ba. Ƙanena, kafin ka karɓi makulli, ka duba taya da birki da idonka. Ka tambayi wanda ya bar motar dalilin barinta. Ka ji wa ke biyan gyara, wa ke ɗaukar asibiti, kuma a rubuta hakkinka a takarda a gaban shaidu. Kuɗin tafiya ɗaya kan ƙare kafin ka dawo gida, amma ubangida nagari shi ke kai direba ga furfura da mutuncinsa. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa mu sauka lafiya.