Ranar da na katse Kawu

A garinmu ba a katse babba. Ko ƙarya yake shararawa sai ka bari ya kai aya, sannan ka sunkuyar da kai ka ce, "Haka ne, amma." Da wannan aka rene ni a ƙauyenmu na bakin kogi, kusa da Sinnar, wadda tsofaffinmu har yau Makwar suke ce mata, sunan da wurin ke da shi lokacin da Turawa suka gama madatsar ruwa a 1925. Sai Allah ya sa abincina ya zama katse mutane. Ina gabatar da shirin da masu saurare ke bugo waya kai tsaye, wasu da Larabci wasu da Hausa.

Dokokina uku ne, kullum nakan karanta su kafin a buɗe layi: ba zagi, ba jingina laifi ga ƙabila, kuma kada ka ba da labarin abin da ba ka gani da idonka ba. Kowa minti biyu. Na daɗe ina alfahari da su. A ganina duk wanda ya bi su ba zai cutar da kowa ba.

A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar da ke kudu da mu, wadda kuke ji a labarai da sunan Blue Nile, bayan Hausawan can sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ce ba za ta saɓu ba. Cikin 'yan kwanaki an kashe fiye da mutum 100 a Rusairis da kewaye. Mutane suka yi ta kwararowa arewa, wasu ko takalmi babu. A gidan ƙanin mahaifiyata aka sauke 'yarsa da yaranta huɗu. Mijinta bai zo tare da su ba, kuma babu wanda ya san inda yake.

A makon nan wani mutum ya bugo. Larabcinsa tsaf, kamar mai huɗubar Juma'a. Bai zagi kowa ba, bai ambaci sunan ƙabila ko ɗaya ba. Ya dai yi ta bayani a kan "masu ƙasa" da "waɗanda suka zo", da cewa baƙo na gari shi ne wanda ya san iyakarsa. Kowa ya san da wa yake. Mutanenmu suna nan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya iso da jama'arsa har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Amma mutumin bai taka doka ko ɗaya ba. Na bar shi ya yi wajen minti huɗu, har na gode masa.

Na biyu bayansa, tun daga sallama na gane muryar. Kawu ne. Bai taɓa kiran shirina ba sai ran nan. Ya fara da 'yarsa da jikoki, muryarsa na rawa, sannan ya kama sunan ƙabila ya ce, "Su ma ai suna da 'yan uwa a kasuwar nan tamu. Mun san shagunansu."

Na ɗaga wa mai kula da na'ura hannu. Layi ya mutu. Na ce, "Sai mai kira na gaba," kamar ba a yi komai ba.

Har gobe ban yi nadamar katsewar ba. A ranakun nan magana irin wannan ashana ce a rumbu, kuma a Kasala an ga yadda zanga-zanga ta koma ƙone-ƙone. Abin da ya hana ni barci daban ne, kuma ban san sunansa ba sai da na je gida ranar Juma'a.

Na same shi a rumfa bayan la'asar, ana shan gahawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, amma idonsa na kan kofi. Sai da mutane suka ragu ya ce, "Ɗan nan, ka kashe ni kamar fitila."

Na ce, "Kawu, a gafarce ni, doka ce."

Ya ce, "Na san na yi ɓaranɓarama. Amma kai ba a rumfar nan ka girma ba? In mutum ya hau, me ake ce masa?"

Na sani sarai. In gardama ta yi zafi a majalisa, babu mai cewa wane yi shiru. Wani dattijo ne zai ɗaga murya ya ce a yi salati ga Annabi. Dole mai faɗa ya tsaya ya amsa, kuma kafin ya gama salatin numfashinsa ya dawo, ya samu ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Larabawan da muke zaune da su ma haka suke yi. An katse shi, amma ba a tozarta shi ba. Ni kuwa, da takardar shaidar aikin jarida a aljihu, maɓalli kawai na sani.

Ina shirin tashi ya ƙara da cewa, "Shi wancan mai Larabcin, minti nawa ka ba shi?"

Wannan ce ta fi ciwo, don ba ni da amsa. Dokokina na kama mai zafin zuciya da ya faɗi abu tsirara, suna kuma buɗe wa wanda ya iya naɗe guba cikin ladabi. Ni da aka ɗora a kan ƙofa, kalmomi nake tsaro, ba abin da ake nufi da su ba.

A watan Oktoba faɗan ya dawo a Wad al-Mahi, ya fi na farko muni. Wani saurayi ya bugo yana huci, ya fara lissafa waɗanda ya ce sai sun biya. Na kira sunansa, na ce, "Yi salati ga Annabi." Ya yi shiru, ya yi salatin, sai kuma ya fashe da kuka, ya ce ƙaninsa yake nema. Muka karanta sunan yaron sau uku. Wanda ya biyo bayansa ma na ce ya yi salati, ya yi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Shi kam na ɗaga hannu.