Kwanton Ɓauna a Daji da a Kwamfuta

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da muka yi da abokin kwanana a ɗakin ɗalibai. Shi dai mutum ne mai son wasannin kwamfuta, musamman wani da ake kira Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023 bisa ƙa'idojin Dungeons & Dragons, wasan da ya fara fitowa a Amurka a 1974. A cikinsa mutum ɗaya ke jan ragamar mayaƙa huɗu. Na lura ba ya faɗa wa abokan gaba kai tsaye. Sai ya raba mutanensa, ya hau da maharbi kan tudu, ya laɓe da mai wuƙa a inuwa, yana kauce wa jan zanen da ke nuna iyakar ganin masu gadi. In ya kai hari ba a gan shi ba, abokan gaba kan rasa zagayen farko ɗungurungum. Ya ce mini wannan dabara ce ta Turawa. Ni kuwa na ce masa tun ina ɗan shekara 12 aka koya mini ita, da bulala.

A ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar, cikin masarautar Gumel, in an kammala girbin gero hunturu ya kankama, akan fita farauta. Kawuna yana cikin manyan mafarauta. Shi ba ya shiga rububin 'yan sanda da karnuka. Su biyar suke fita, kowa da aikinsa. Biyu su zagaya su koro, uku su tare. Kafin a raba wuri sai Kawu ya ɗebi rairayi ya sake shi a hankali, ya ga inda iska ta kai shi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka masu tarewa kan kwanta ta kudu maso yamma, domin kada ta kai wa dabba warinsu. Wannan shi ne abin da wasan abokina ya rasa: masu gadinsa suna da ido, amma ba su da hanci.

Ranar da aka fara yarda in bi su, aka ajiye ni bayan wani kurmin sabara da gora a hannu. Kawu ya ce, “Kai yaro, ko ta taka ka, kada ka motsa sai ka ji fito na.” Can sai ga gada ta ɓullo, tana tafe tana tsayawa, har ina ganin kunnuwanta na rawa. Zuciyata ta ce ga suna ya zo har gida. Na miƙe na wurga gora. Ko kusa ban same ta ba, ta juya ta bi ta gefen da na ukunmu bai riga ya isa ba. Sauri ya haifi nawa. Mutum biyar suka koma gida hannu rabbana bayan yinin ƙishirwa, alhali ɗayansu ya ci bashi ne da niyyar biya ran Alhamis, in ya dawo daga kasuwar Maigatari. Bulalar ba ta dame ni kamar shirun da mutumin nan ya yi mini ba.

A ganina, laɓewa ba ita ce mai wuya ba; kowane yaro ya iya ɓuya. Wuyar tana wajen riƙe hannu, kana ganin dama a gabanka, har sai 'yan'uwanka sun kai mazauninsu. Ko kalmar ma abin dubawa ce ga ɗalibin Hausa: daga ɓauna muka aro ta, wadda in an yi mata rauni takan kwanta a duhuwa ta jira mai bin sawunta. Watau dabbar ce malamar maharbi.

Abokina ya saurara, ya yi dariya, ya koma kan wasansa. Ba a jima ba maharbinsa ya saki kibiya tun mai wuƙa bai isa inuwa ba, aka yi musu kaca-kaca. Ya danna maɓalli, wasan ya koma inda ya adana shi, masu gadi suka dawo tsaye kamar ba a yi kome ba. Ya miƙo mini kwamfutar ya ce in gwada. Na karɓa, na kai kowa wurinsa, na daɗe ban saki kibiyar ba har ya fara tsaki.