Gadar Kaduna Ba Ta Da Tsawo

'Ya'yana, ku da aka haifa bayan shekarar 2000 kun tarar da Kaduna a rabe, har kuna zaton haka Allah Ya yi ta: Musulmi a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista a Sabon Tasha da Narayi, kogi a tsakani. Mu ba haka muka tashi ba. A layinmu, telan da ke ɗinka mana kayan Sallah Kirista ne. Ranar Kirsimeti matarsa kan aiko da shinkafa da kaza, yaron da ya kawo ya ce, "Mama ta ce a gaya muku malam ne ya yanka." Rikicin shari'a na Fabrairun 2000 ne ya sa ya ɗora keken ɗinkinsa a bayan a-kori-kura ya ƙetare gada. Ina tsaye a ƙofar gida, ko sai wata rana ban iya ce masa ba.

Kun san Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, ko da a rediyo ne. Abin da wataƙila ba ku sani ba, da can kowannensu jagoran matasa ne masu shirin faɗa da ɗaya ɓangaren. A tarzomar 1992, wadda ta taso daga Zangon Kataf ta shigo garin nan, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida ya haɗa su a wurin taro, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai.

Kada ku ɗauka gaisawa suka yi zukata suka wanke. Wuye da bakinsa ya faɗa cewa sun yi shekaru suna tafiye-tafiye tare, suna kwana ɗaki ɗaya, amma zuciyarsa na raya masa ya danne abokin nasa da matashin kai. Cikin abubuwan da suka sanyaya shi har da zuwan da Ashafa ya yi asibiti duba mahaifiyarsa. Ni wannan dubiyar ta fi mini kowace takarda da suka sa wa hannu.

Don takarda kam an yi. A Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, shugabannin addini 22 suka rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku kacal, rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke. Ba ina raina aikinsu ba ne, ina nuna muku cewa taron otal ba ya saukowa unguwa da ƙafarsa.

Kai da ke limancin masallacin unguwa, da kai mai wa'azi ranar Lahadi, kuna da lambar juna? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da jita-jita ta cika WhatsApp cewa an kashe wani a bakin gada, samari suka fara tara duwatsu, wanda ka taɓa zuwa wa ta'aziyya ne kaɗai zai ɗaga wayarka da tsakar dare ya gaya maka gaskiya. Ba wanda ya ce ka saki aƙidarka. Ashafa bai daina limanci ba, Wuye bai bar coci ba.

Ni da nake muku wannan surutu, sai da na yi shekaru kafin na ƙetara neman telan nan. Matarsa ta rasu ban ji ba. Na same shi a wani ɗan shago a Sabon Tasha, keken dai shi ne, sai dai ido ya yi rauni, jikansa ke zura masa zare a allura. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, bai bari na gama ba. Ya ciro tef daga wuyansa ya zagaya cikina da shi, ya ce, "Alhaji, ka yi ƙiba."