Marinar da ke Cikin Asibiti

Duk wanda ya ɗauki darasin fassara da ƙirƙirar kalmomi ya san akwai fannonin da ke sa mutum gumi, kuma a ganina babu kamar fannin likitanci. Ni da na tsinci Hausa a unguwar Sabo wajen abokan wasa kafin in zo jami'a in karance ta, na zaɓi wani ɗan lungu na wannan fanni don aikin zangon da ya wuce, wato ilimin duba naman jiki a madubin likita. Dalilina kuwa shi ne, yayata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wani asibiti, saboda haka ina da wadda zan dama da tambaya kyauta.

Tun daga suna aka fara samun cikas. Abin da Turawa ke kira tishu, idan ka ce masa nama ka faɗaɗa, idan ka ce tsoka ka taƙaita, domin ƙashi da jini da ƙwaƙwalwa duk suna ciki. Kalmar daga Faransanci ta fito, kuma asalin ma'anarta abin da aka saƙa. Wani likitan Faransa mai suna Bichat, wanda ya rasu a 1802 yana ɗan shekara 30, shi ya yaɗa ta, ya kuma kasa jiki gida 21 ba tare da ya dogara da madubin likita ba. Don haka ni na zaɓi in ce saƙar jiki. Zaren wannan saƙa su ne ƙwayoyin halitta, kowace da cibiyarta a ciki, in ban da irin su jajayen ƙwayoyin jini waɗanda ba su da ita.

A yau an mayar da 21 ɗin nan gida 4. Ta farko ita ce saƙar shimfiɗa, wadda ke rufe fata, ta kuma shafe cikin hanji da huhu da mahaifa. Alamarta a madubi ita ce ƙwayoyinta a matse suke da juna kamar jerin tubali, babu fili a tsakaninsu, kuma duk suna zaune a kan wani siririn tantani. Ta biyu saƙar haɗi, ita kuwa ƙwayoyinta a warwatse suke cikin abin da su da kansu suka samar. Ƙashi da guringuntsi da kitse duk 'yan gidan nan ne, har da jini, ko da yake na daɗe ina gardama da yayata a kan yadda ruwa zai zama saƙa. Ta uku tsoka, mai iri uku: ta gaɓɓai mai zane-zane a gicciye da cibiyoyi da yawa a gefe, ta zuciya mai rassa, da kuma ta hanji wadda ba ta da zane. Ta huɗu ita ce ta ƙwaƙwalwa da laka, zan dawo kanta domin ita ta fi ba ni wahala.

To, amma duk wannan ba ya ganuwa sai an yi rini. Idan likita ya yanko ɗan nama, ana jefa shi cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 don kada ya ruɓe. Daga nan a tsotse ruwan jikinsa da sifirit mataki mataki, a cika gurbin da kaki irin na kyandir har ya daskare ya zama ɗan dunƙule. Sai a ɗora shi a kan na'urar yanka, a yanko shi da kaurin maikuromita 3 zuwa 5. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita, wato ke nan silin gashin kai ya ninka yankan nan kauri fiye da sau 10. Ana shimfiɗa shi a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a ɗauke da ɗan gilashi. A wannan hali kusan ba shi da launi ko kaɗan, ko ka leƙa ba abin da za ka gani sai inuwa.

Rinin da ya fi kowane yawa a asibitocin duniya guda biyu ne da ake haɗawa, hematoksilin da iyosin. Na farkon daga zuciyar wani itace ake samunsa wanda ke fitowa a Meziko da Amurka ta Tsakiya, kuma masu rinin tufafi na Turai sun riga likitoci amfani da shi. Ba ya kamawa sai ya sha iska ya nuna, sannan an haɗa shi da alif, wannan dai da ake sa wa ruwa ya kwanta. Shi ke mayar da cibiyar ƙwaya shuɗiya mai ratsin shunayya. Iyosin kuwa a masana'antar rini ta Jamus aka haɗa shi a shekarun 1870, sunansa daga kalmar Girkanci ta ketowar alfijir, kuma yana ba sauran jikin ƙwaya ruwan hoda. Da waɗannan launuka biyu kacal gwanin likita yake gane ko ƙari na lafiya ne ko na daji. Abin da yake nema shi ne cibiyoyin da suka yi girma, suka yi duhu, suka saɓa da juna, da kuma ƙwayoyin shimfiɗa da suka huda tantanin nan nasu suka kutsa cikin maƙwabta. Yawancin ciwon daji na mama da na bakin mahaifa daga saƙar shimfiɗa yake tasowa.

A tsakiyar wannan aiki ne mahaifiyar wani abokina na Sabo ta je aka cire mata wani ƙullutu a kafaɗa. Ba ta jin Turanci, Yarabancinta kuma na ciniki ne, ɗanta yana Arewa, sai na zama tafinta. An ce ta dawo bayan kwana 10. A hanya ta yi shiru, can sai ta ce, "Ɗan nan, naman da suka yanka mini, ina suka kai shi? Me ya sa ba su ba ni na binne ba?" Na lura ba sakamakon ne kaɗai ya dame ta ba, akwai tsoron abin da baƙin mutane za su yi da wani yanki na jikinta. Na ce, "Inna, marina aka kai shi. Sai an rina shi kafin likita ya iya karanta abin da ke ciki." Na kwashe bayanin kaki da yanka da alif na faɗa mata, na kuma ce ragowar tana nan a ajiye da lambarta, ko da za a bukaci sake dubawa. Ashe 'yar Kura ce, garin da ya yi suna da rinin baba a ƙasar Kano, kuma kakanta marini ne. Ta ce, "To, in dai rini ne ai ba a yi masa gaggawa." Da sakamako ya fito kitse ne kawai ya dunƙule. Yayata ta nuna mini irinsa a madubi, ramuka ne farare jere kamar saƙar zuma, domin ruwan da ake wanke naman da shi ya narkar da kitsen ya bar gidajensa.

Akwai wasu rinin da aka fi sani a wajenmu saboda cututtukan da muke fama da su. Na Gram, wani likitan Denmak, ya fito a 1884, kuma yana raba ƙwayoyin cuta gida biyu: masu kaurin bango suna riƙe shunayya, kamar waɗanda ke kawo maruru, sauran kuma sifirit ya wanke su sai su ɗauki ruwan hoda, kamar na taifot. A nan nake jan hankalin mai fassara. Mutane da yawa a magana ta yau da kullum sukan ce wa ruwan hoda ja, su ce wa shunayya shuɗi ko ma baƙi, alhali a wannan wuri bambancin launin yana cikin abin da ke sa likita ya zaɓi wannan magani ya bar wancan. Rinin Ziehl da Neelsen yana nuna ƙwayar tarin fuka a cikin kaki kamar jajayen sanduna a kan shuɗi, kodayake tun 2010 na'urar GeneXpert ta karɓe wani ɓangare na wannan aiki. Na Giemsa kuwa, tun 1904, shi ake ɗiga wa jini don zazzaɓin cizon sauro, kuma ƙwayar takan fito kamar shuɗin zobe mai ɗan jan dutse.

Yanzu sai saƙa ta huɗu. A 1873 wani Ba'italiye mai suna Golgi ya gano cewa ruwan azurfa yana baƙanta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ɗaiɗai, kowace da rassanta kamar bishiya a lokacin rani. Cajal na ƙasar Sifen ya yi amfani da rinin ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take, saɓanin Golgi da ya ce duk raga ɗaya ce. An ba su kyautar Nobel tare a 1906 suna kan gardamarsu, kuma Cajal ne ya yi gaskiya. Tawa matsalar ita ce kalmar jijiya. Hausa tana kiran hanyar jini jijiya, tana kiran agara jijiya, tana kuma kiran wannan mai kai saƙo jijiya. A madubi kuwa ba su haɗa gida ba: agara saƙar haɗi ce zalla, bangon hanyar jini ya haɗa shimfiɗa da tsoka da haɗi, ta ukun kuma ita kaɗai ce daga gidan ƙwaƙwalwa. Na rubuta jijiyar jini, da agara, da jijiyar saƙo. Malaminmu ya karɓi biyun farko, ya ce ta ukun in kai wa masu harshen su gwada ta a bakinsu tukuna.

Wani abin da ya faranta mini rai shi ne, masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun gwada rina saƙar jiki da ruwan zoɓo da kuma karan dafi, wanda dukawa ke rina jar fata da shi, kuma sun ga yana kamawa. Na tambayi yayata me ya hana a koma musu tunda hematoksilin daga waje ake sayo shi da tsada. Ta ce zoɓon bana ba lallai ya yi ƙarfin na bara ba, ita kuwa tana bukatar gilashin da ta rina yau ya yi launi ɗaya da wanda za ta rina baɗi, domin likita ya iya ajiye su gefe da gefe ya kwatanta.