Gansakuka a sabon tankin kifin teku



Wani ɗan uwanmu mai sayar da tumatir a Mile 12 ya ga tankin kifin teku da na ajiye a falona a Agege, sha'awa ta kama shi, ya kashe kuɗi masu kauri ya haɗa nasa. Sati uku ba su cika ba ya bugo mini waya ransa a ɓace, wai gilashi da yashi da duwatsu duk sun yi ruwan ƙasa kamar an barbaɗa garin shayi, zai zubar da ruwan ya wanke komai da omo. Na ce masa don Allah ya dakata.

Mu a gida mun saba, in ka ga gansakuka a randa to ƙazanta ce, sai a juye a goge. Tankin ruwan gishiri ba randa ba ne. Cikin sati huɗu zuwa shida na farko wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke zaunawa a jikin duwatsu da yashi, su ne ke mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa naitiret wanda bai kai ta illa ba. Wanda ya wanke tankin tas ya kashe su, ya koma ranar farko, kifin da ya saya da tsada su ne za su biya.

Wannan ta ruwan ƙasa ita ke fara zuwa, masana na kiranta dayatom. Da sinadarin siliket take gina ɓawonta, in ya ƙare a ruwan sai ta janye da kanta cikin 'yan makonni. Bayanta koriya mai kama da gashi ke biyowa, ita kam tana da naci. Akwai kuma wata ja mai yauƙi da ke shimfiɗuwa inda ruwa bai motsi sosai, wadda a gaskiya bakteriya ce. Dukansu yunwa ce maganinsu.

Abincinsu kuwa da hannunmu muke kai musu, kuma a nan Legas ta ruwa ya fi shiga. Ruwan burtsatse da ake gani garau zai iya ɗaukar siliket da fosfet da ƙarfe. Sai a tace shi da na'urar RO kafin a zuba gishirin teku na musamman, har ma'auni ya nuna 1.025, wato kusan giram 35 a kowace lita. Wani ya ce mini ga lagun nan kyauta, me ya sa ba zai ɗebo ba? Ruwan lagun gauraye ne da na koguna da na kwatocin gari, ni dai ba zan zuba shi a tankina ba.

Wani abu da ya ba ni mamaki da na karanta: ƙurar hunturu da ke iso mu nan a Disamba, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, inda tsohon babban tafkin Chadi ya ƙafe, kuma garin wurin ɓawon irin wannan dayatom ne. Ashe 'yar Arewa ce ita ma, ci-rani ta zo. Da hunturu ina rufe saman tankin.

Sauran aikin ba yawa. Fitila awa takwas a rana ta isa, a nisanta tankin da taga. Abinci daidai abin da kifi za su cinye cikin minti biyu, a kuma hana yara ƙarawa, don su gani suke kifin kullum yunwa yake ji. Duk sati a zuƙe kashi 10 cikin 100 na ruwan da tiyo a mayar da sabo, a cire koriyar da hannu ko tsohon buroshin haƙori. Dodon koɗin teku guda kaɗan suna taimakawa da kiwo, amma mai su ya guji duk maganin da ke da tagulla a ciki, yana kashe su.

Sai ɗauke wuta, wadda littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba. In famfo ya tsaya awoyi cikin zafin Legas iskar ruwan na raguwa, abin da ya mutu ya ruɓe, ruɓaɓɓen ya zama takin gansakuka. Na shawarci mutumin Mile 12 ya sayi ƙaramin famfon iska mai batir kafin ya ƙara ko kifi ɗaya.