Daga Zahir Zuwa Jidda a Bayan Jar Riga

Umarar azumi ce ta kai ni Makka a 2023, kuma maimakon otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami sai na sauka wajen kawuna a unguwar Zahir. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka bar ƙasar Kano a ƙafa, suka bi ta Barno da Chadi, suka tsaya noman auduga a Sudan har kuɗin jirgin ruwa ya taru. A Makka aka haifi Kawu. Hausarsa ta mutanen da ce, mai nauyi, 'ya'yansa kuwa sai sun yi Larabci uku kafin su jefa Hausa ɗaya.

Zahir na arewa da Harami, a kan hanyar da ake bi zuwa Tan'im, inda masallacin Nana A'isha yake. Mutanenmu da yawa sun sha ratsa ta cikin mota da harami a jiki, ba su san sunanta ba. Akwai asibitin Sarki Abdul'aziz, wanda kowa ke kira asibitin Zahir, akwai tsohuwar fadar da aka gina a zamanin wannan sarki, daga baya aka mai da ita gidan tarihi, akwai kuma sashen mata na Jami'ar Ummul Ƙura. Unguwa ce ta masu gari: makarantu, masu gyaran mota, gidajen burodi, yara na buga ƙwallo a lungu bayan la'asar. Mu masu zuwa ibada mukan manta cewa Makka gari ce da ake haihuwa a cikinta, a yi makaranta, a yi aure, a kuma yi musun ƙwallo.

An sha ruwa lafiya, aka yi salla ranar Juma'a 21 ga Afrilu. Ran Litinin, 24 ga wata, na ga samarin gidan sun fito da jajayen riguna tun kafin magariba.

"Kawu, yau kuma wane biki ake?"

"Ɗana, yau Wahda za ta je Riyad wajen Ronaldo," in ji shi. "Zauna ka ga ikon Allah."

Al-Wahda ita ce ƙungiyar Makka, ja da fari, ana yi mata kirari da mahayan Makka. Ita ce ta fara ɗaukar Kofin Sarki a 1957, ta sake ɗauka a 1966, daga nan shiru. Shekarun baya-bayan nan hawa da sauka take yi tsakanin babbar gasa da ta biyu, kuma a kakar wannan shekarar ta 2023 ma tana can ƙasa-ƙasa a teburi. Abokiyar karawarta a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Sarki kuwa Al-Nasr ce, tsohuwar ƙungiyar Ahmed Musa, wadda ta ɗauko Cristiano Ronaldo a farkon shekarar. A gidajen kallo na Kano ba na jin akwai wanda ya ba Wahda ko da kunnen doki.

A falon Kawu muka kalla, da shayi da tsire. Tsiren nan namu ne sak, da ƙuli da yaji, mutanen Hijaz sun karɓe shi tuntuni suna ce masa siriya. Kafin a je hutu Jean-David Beauguel na Wahda, Bafaranshe, ya juya wa raga baya ya ɗaga ƙwallo ta sama, ta shige. Gidan ya ɗauki ihu har mata suka leƙo daga ciki. Da aka dawo aka ba Abdullahi Al-Hafiz jan kati, Wahda ta koma mutum goma, sai Nasr ta yi musu zobe. Mai tsaron gida Munir, ɗan Maroko, ya yi aikin da ba zan manta ba. Duk lokacin da ƙwallo ta isa ƙafar Ronaldo sai Kawu ya kama salati, in ta wuce ya sauke numfashi ya ce a ƙara masa shayi. Aka tashi ɗaya da nema. Daren nan motoci sun yi ta busa oda a titin Zahir, yara sun leƙo ta taga da jajayen tutoci.

A ranakun da suka biyo baya ne na fahimci abin da ya ɗaure gidan nan da wannan ƙungiya. Wani daga cikin 'ya'yan Kawu, wanda ya yi karatu a Ummul Ƙura, ya kai ni Shara Mansur, inda za ka yini ba ka buƙaci Larabci ba, ga fura, ga waina, ga goro. A hanya yake lissafa mini 'yan wasan da suka fito daga irin waɗannan unguwanni. Usama Hausawi a Makka aka haife shi, a Wahda ya tashi, ya je Al-Hilal, ya leƙa Anderlecht ta Beljiyam, shi ne kuma kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. A wannan tawaga mutum uku ne ke ɗauke da sunan Hausawi: shi, da Umar, da Mu'utaz. Nasir Al-Shamrani, gwarzon ɗan wasan Asiya na 2014, shi ma daga Wahda ya fito. Abin da ke ci wa yaron rai shi ne Makka ke renon 'yan wasa, Riyad da Jidda su zo da kuɗi su kwashe. Na ji zafin maganar sosai, don haka ƙungiyoyinmu na gida suke fama da duk yaron da ya fara haske.

Aka sa wasan ƙarshe ranar Juma'a 12 ga Mayu a Jidda, da Al-Hilal ta Riyad. Na ɗaga tafiyata gida saboda shi. Bayan sallar Juma'a muka ci abinci, la'asar na yi muka kama hanya, Kawu a gaba da carbinsa, mu a baya. Tsakanin Makka da Jidda kamar kilomita 80 ne, amma filin wasa na Sarki Abdullahi, wanda suke kira Jauhara, yana can arewacin gari, sai an ƙara tafiya. Tun daga Shumaisi muka shiga ayarin jajayen motoci. Wani dattijo a motar da ke gefenmu ya sauke gilashi ya ɗaga wa Kawu hannu, ba su san juna ba, suka yi wa juna addu'a. Kawu ya ce rabon Makka da kofin nan yana yaro ƙarami, shekara 57 ke nan, kuma yawancin waɗanda suka ga wancan sun riga mu gidan gaskiya.

Filin na cin mutum sama da 60,000, kuma shuɗin Hilal ya fi yawa, don ita ce ƙungiyar da ta fi kowace tara kofuna a ƙasar. Kwana shida kafin nan Urawa ta Japan ta doke ta a wasan ƙarshe na zakarun Asiya, saboda haka da yunwa ta zo. Cikin 'yan wasanta har da namu, Odion Ighalo. Amma ɓangarenmu ya fi amo. Waƙoƙin mutanen Hijaz da ganguna da tafi suke tafiya, kuma kunnen Bahaushe ba ya rasa jin wani abu nasa a cikin wannan kiɗa.

Kocin Wahda, José Luis Sierra ɗan ƙasar Chile, ya tsare baya ya bar Hilal da ƙwallo. Kafin hutu Karim Yoda na Wahda ya zura ta. Ban san lokacin da na rungumi wani Balarabe da ke kusa da ni ba. Daga nan aka shiga jira. Minti 60, minti 70, minti 80, Hilal na dukan ƙofa, Munir na tarewa. Minti 90 ya cika, aka ƙara lokaci mai tsawo. Mutane sun miƙe tsaye, wasu sun juya wa fili baya sun kasa kallo, wani yaro a gabana yana ta maimaita ya Rabbi. A minti na tara na ƙarin lokacin, Ali Al-Bulaihi, ɗan wasan bayan Hilal, ya farke.

Ban taɓa jin shiru ya sauka a kan dubban mutane lokaci guda irin haka ba. Kawu ya zauna a hankali, ya ce, "Allah ya ƙaddara." Aka yi ƙarin minti 30 ba ci, aka je bugun fenariti. Nan ma Wahda ba ta sallama ba, aka yi ta bugawa har layi ya kai kan golan Hilal, Abdullahi Al-Mayuf, ya buga da kansa ya ci. Bakwai da shida.

Mutanen Makka ba su watse nan take ba. Sun tsaya sun tafa wa yaransu, waɗanda suka zube a ciyawa suna kuka. Ni dai a ganina kakar nan nasara ce, ko da kofi ya tafi Riyad: ƙungiyar da ke fafutukar tsira a gasa ta fitar da Nasr a gidanta da mutum goma, ta kuma riƙe Hilal har daƙiƙun ƙarshe.

Sai tsakar dare muka fita daga cunkoson Jidda. A hanya samarin suka dawo da musu, wannan na cewa lokacin da aka ƙara ya yi yawa, wancan na cewa laifin masu tsaron baya ne da suka ja da baya sosai. Kawu bai sa baki ba. Da muka iso Makka ya ce kada a nufi Zahir, a wuce da shi Harami, asuba ta kusa.

Bayan na koma Kano, a watan Agusta, ɗan Kawu ya kira ni a waya yana dariya, ko gaisawa ba mu gama ba. "Yaya, ka ji labari? Ighalo ɗinku ya bar Hilal, ya dawo Wahda."